Maƙoƙon ƴan awaki: uwa lafiya lau, ɗa ba rai

Cikin sanyin bara wata baiwar Allah a wani ƙauye na jihar Maraɗi ta kira ni in duba jar akuyarta. Akuyar na tsaye tana cin harawa, ba zawo, ba tari, gashinta na sheƙi. Amma haihuwa biyu ke nan a jere tana zubar da ƴaƴa matattu. Na ƙarshen ma bai yi gashi sosai ba, kuma a wuyansa, ƙasan maƙogwaro, akwai ƙululu biyu kamar ƙwayar goro. Matar ta riga ta yanke shawara za ta kai akuyar kasuwa, wai ba ta da albarka. Na ce mata: "Inna, dakata tukuna. Wane gishiri kike ba ta?"

Ƙululun nan maƙoƙo ne, irin wanda muka sani ga mutane. A wuyan mutum da na bisa akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tiroyid. Aikinsa ya haɗa wani sinadari, ormon, ya zuba cikin jini. Wannan ormon shi ke hura wutar jiki: ɗumi, girma, tsirar gashi, ginin ƙwaƙwalwa. Ba ya haɗuwa sai da iyod, kuma jiki ba ya yin iyod da kansa, sai abin da ya samu cikin ci da sha. In ya yi ƙaranci, tiroyid ya dinga kumbura yana neman ya kama ɗan abin da ke akwai.

Abin da ke ruɗar da mu shi ne babbar akuya na iya jure ƙarancin. Ɗan da ke cikinta, wanda ke gina jikinsa gaba ɗaya cikin wata biyar, shi ba ya iyawa. Sai a haife shi matacce, ko raunanne da ba ya iya miƙewa ya kama nono, sanyin asuba ya ƙarasa shi.

Bisashe sun taimaka wajen sanin wannan. Wani likita a Amurka, David Marine, ya daɗe yana duba maƙoƙon karnuka da tumaki da kifi, ya ga iyod na hana shi. A 1917 ya fara gwaji ga ƴan mata ƴan makaranta a garin Akron. Cikin 2190 da suka sha iyod, 5 kaɗai wuyansu ya kumbura. Cikin 2305 da ba su sha ba, 495. Ƙasar Suwis ta fara zuba iyod cikin gishiri a 1922. Gwajin da ya fi shafar mu makiyaya kuwa shi ne na tsaunukan Papuwa Sabuwar Gini, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1971: an yi wa mata allurar man iyod, aka ga tana kare jarirai daga nakasar ƙwaƙwalwa idan an yi ta kafin a ɗauki ciki. In ciki ya riga ya yi nisa, ɓarnar ta rigaya. Haka lamarin yake ga akuya da tunkiya. Ranar haihuwa an makara. Tun kafin barbara ya kamata a fara.

To, mu dawo kan gishiri. Matar nan kantun Balma take saye, kamar yadda iyayenta suka yi. Ba na kushe kantu, bisa na buƙatarsa, kuma da dalili makiyaya ke kora garke zuwa Ingal a ƙarshen damina. Sai dai kantu da kanwa ba a zuba musu iyod, kuma ƙasarmu nesa take da teku, ciyawar wurare da yawa ba ta da shi isasshe. Ga kuma dusa. A Darfur ta Sudan, masu bincike sun lura maƙoƙo ya fi yawa inda hatsi ne kusan dukan abincin mutane, daga baya aka gano cikin hatsin, musamman dusarsa, akwai abin da ke rage wa tiroyid ƙarfin aiki. Ɗanyen ɓawon rogo ma na yin haka. Ban ce ku daina ba da dusa ba, da me za mu riƙe bisa cikin rani? Amma akuyar gida da ke ɗaure a turke, ba ta da ci sai dusa da kara, ita ta fi kowa buƙatar iyod.

Abin da na ce wa matar ta yi ba shi da tsada. Ta haɗa wa akuyar gishiri mai iyod, wanda ake miya da shi, ko dutsen lasa da aka rubuta akwai iyod cikinsa, tun kafin bunsuru ya hau ta har ta yaye. A ajiye gishirin a rufe, cikin inuwa, domin rana da laima na cinye iyod ɗin. Buhun da ya yi watanni a buɗe tsakar kasuwa, sau da yawa suna kawai ya rage masa. Nan ne ƙungiya ke da amfani: ku sayi buhu tare, ku nemi ma'aikatan lafiya su ɗiga masa ruwan gwaji. In gishirin ya juya shuɗi, akwai iyod.

Kada kuma kowa ya ga kumburi ya ce maƙoƙo ne. Kumburi mai taushi ƙarƙashin haɓar babbar bisa, kamar an ɗura ruwa, galibi tsutsar ciki ce ko ciwon hanta. Ƙurji mai tauri da ke nuna ya fashe da mugunya wata cuta ce daban. Ɓari kuma yana da dalilai da yawa, har da masu kama mutum, don haka kada a taɓa matacce ko mabiyiya da hannu tsirara. A kira ma'aikacin kiwo ya gani kafin a binne, da duba wuyan ɗan yake ganewa. Shi ne kuma zai faɗi awo in ana buƙatar ƙarin magani, domin iyod in ya yi yawa shi ma yana kumbura tiroyid.

Matar ba ta sayar da akuyar ba. Ƙungiyarsu ta mata ta sayi buhu ɗaya sun raba da tiya, na kuma ce ta aiko mini ranar da akuyar ta haihu, ko da dare ne.