Mai busa ya rasu, ina makomar algaitarshi?



Bara da rani na tafi gaisuwar mutuwa wani gari cikin ƙasar Buza. Tsohon da ya rasu mai busa algaita ne. Shekara da shekaru shi ke yi ma sarki busa ranar hawan salla. Ɗiyanshi maza uku duk suna ci-rani, biyu Abijan, guda Libiya. Babu wanda ya koyi busa cikinsu. Bana na koma garin, na roƙi a gwada mini algaitar. Anka buɗe wani tsohon ɗaki wanda ya yi yoyo da damina. Gara ta cinye icen, ɓera ya ci fatar, zanzaro ya yi gini cikin bakinta. Ƙarfen kaɗai ya saura.

Wanga abu ba gida guda ya tsaya ba. Ganga da kalangu da kotso da goge da gurmi da kakaki suna nan cikin ɗakuna, masu su sun tsufa ko sun rasu. Mi ya kamata mu yi da su?

ABIN DA TURAWA KE YI DA NASU

Ba mu kaɗai ke da wagga damuwa ba. Cikin majami'u na ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin busa da ake ce ma ogan. Ba da baki ake busa shi ba. Yana da zugazugi kamar na maƙeri, su ke tura iska cikin wani akwati. Bisa akwatin an jera bututai na kuza da darma, wasu na katako. Kowane bututu da muryarshi guda: dogo murya babba, gajere murya ƙarama. Mai kiɗa yana zaune yana dannawa da yatsu da ƙafafu, iska tana shiga bututun da yake so. Ko ƙaramin ogan yana da bututai ɗaruruwa.

To, ƙauyukansu ma sun rage mutane, majami'u da yawa an rufe su. In an bar ogan cikin ginin da babu kowa, raɓa da ɓeraye su ke gama da shi, kamar algaitar can. Don haka masu sanin aikin ke zuwa su kwance shi. Kowane bututu sai an rubuta mishi lamba, an naɗe shi, an kwantar da shi cikin akwati don kada ya lanƙwashe. Suna rubuta sunan maƙerin da shekarar da anka ƙera shi. Sannan su nemi wata majami'a ko makaranta wadda ke so, su haɗa shi can, a ci gaba da kiɗa. Amurka akwai ƙungiyar da ke wanga aiki. Cikin 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa ƙirar ogan da kiɗanshi na Jamus cikin gadon duniya.

Addininsu daban, namu daban, amma dabarar ta kowa ce: a rubuta, a ajiye da kyau, a nemi mai amfani da shi.

NAMU KAYA MA SUNA DA TARIHI

Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, anka fara busa ma sarkin Kano kakaki. Ku lissafa, ya fi shekara 500. Tambari kuwa kowa ya san shi ne shaidar sarauta ƙasar Gobir. Inzad, gogen da matan Abzinawa ke kaɗawa, UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya cikin 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Yamai, gidan ajiyar kayan tarihi mai sunan Bubu Hama an buɗe shi tun 1959, kuma akwai kayan kiɗan ƙabilunmu a ciki.

Amma ajiya kaɗai ba ta isa ba. Ku ji labarin biram. Biram wani abin kiɗa ne na Buduma masunta na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar, siffarshi kamar jirgin ruwa. An kai lokacin da tsoho guda ya rage wanda ya iya shi, sunanshi Bukar Tar. Cikin 2002 Malam Mamman Barka, mutumen Taskar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi, ya tafi wurinshi da taimakon UNESCO. Ya zauna ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinshi. Malam Barka ya kai wanga kiɗa har ƙasashen Turai kafin Allah ya yi mishi rasuwa cikin 2018. Da ya yi jinkiri, da yanzu biram ice ne kawai rataye ga bango.

YADDA ZA MU AJIYE SU

Na ɗaya: kada a ajiye kayan kiɗa bisa ƙasa ko jikin bangon laka. Hanyar gara ke nan. A rataye su ga igiya, cikin ɗakin da ake kwana, nesa da wurin yoyo.

Na biyu: ganga ko kalangu da ba a kaɗawa, a sassauta mishi tsarkiya. Fatar da ke ɗaure tam hunturu na tsage ta. Kada a bar shi cikin rana.

Na uku: algaita da kakaki da sarewa, a toshe bakinsu da tsumma saboda zanzaro. Kakaki a raba gaɓoɓinshi, a naɗe kowace da zane, a kwantar da su inda ba a takawa. Ƙarfenshi ba shi da kauri, in ya loma murya ta ɓaci.

Na huɗu: goge da gurmi da inzad, ƙwarya ce da fata, abincin ɓera da ƙwari. A sa su cikin zane tare da busasshen ganyen dogon yaro. A duba su farkon damina da bayan girbi.

Na biyar, nan ne aikin ku da kunka yi yaƙi da jahilci. Ku ɗauki takarda ku rubuta: sunan abin, sunan mai shi, garinsu, wanda ya sassaƙa ko ya ƙera shi, wurin wa ya gada, wane sarki ya yi ma kiɗa. Ku rubuta biyu, guda a ɗaura jikin abin, guda a ba mai gari. In tsohon na da rai, ku je yau, kada ku bari sai gobe. Mai salula ya ɗauki muryar kiɗan.

Na shida: in wani baƙo ya zo da kuɗi yana neman tsohon tambari ko kakaki, kada a yi gaggawa. A sanar da sarki da hukuma. Ƙasarmu tana da doka tun 1997 mai kare kayan gado. Kuɗin kasuwa guda ne, abin kuwa in ya ƙetare iyaka ba shi komowa.

A NEMI MAI KOYO

Akwai gidajen da sunka bar kiɗa don ra'ayinsu. Ba mu ja da su ba. Roƙonmu guda ne: kada a ƙone, kada a yar bayan gari. A miƙa ma fada, ko a ba wani gidan makaɗa.

Abin da ya fi duka shi ne a sami yaro mai so. Ko ba ɗan gidan ba ne, in tsoho ya yarda ya koya mishi. Algaitar da ake busawa gara ba ta cinta, don kullum tana hannu.

Duk wanda ya san wani tsohon abin kiɗa da mai shi ya rasu ko ya tsufa, ya rubuta labarin da hannunshi, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu, a aiko ma jarida. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba mu damina mai albarka, amin.