Daji ko Falo: Inda Korona Ta Riski 'Yan Fanshon Amurka

Cikin mutanen da aka fi zargi da ganganci a Amurka a shekarar 2020 akwai 'yan fansho masu yawo a mota. Tsohuwar al'ada ce a can. Mutum ya ajiye aiki yana da shekara 65 ko kusa da haka, shi da mai ɗakinsa su sayi mota mai ɗaki, wadda ke da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa a cikinta, su riƙa bin yanayi. Sanyi ya shigo su gangara kudu, Arizona ko Filorida ko Tekzas, zafi ya dawo su haura arewa, a hanya kuma su ratse gidan ɗa ko 'ya su ga jikoki. Garin Quartzsite da ke hamadar Arizona mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma duk watan Janairu dubban irin waɗannan motoci ke cika filayen gwamnati da ke kewaye da shi. Da korona ta ɓarke sai aka yi musu ca: ku ne cutar ta fi kashewa, ku ne kuma kuka ƙi zama wuri ɗaya. Sukar tana da tushe, domin hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a ƙasar ta ce 8 cikin kowane mutum 10 da cutar ta kashe a shekarar sun kai 65 ko sun haura. Sai dai tafiyar waɗannan dattawa kashi biyu ce, akwai yada zango a daji, akwai ziyarar dangi. Jama'a da hukumomi suka tsorata da na farko, suka saki jiki da na biyu, alhali abin da bincike ya nuna ya karkata ne ga akasin haka.

Kuskuren ya samo asali ne daga yadda aka fahimci yaɗuwar cutar tun farko. An ɗauka nisan tafiya shi ne hatsari, wai wanda ya ƙetare jihohi biyar ya fi wanda ya tsallaka titi kwasar cuta. Ƙwayar korona ba ta auna kilomita. Tana fita ne cikin numfashin mai ɗauke da ita, lokacin da yake magana ko dariya ko waƙa, cikin 'yan mitsi-mitsin ɗigon da ido ba ya gani, waɗanda ke iya rataye a iska na tsawon lokaci. Duk wanda ya san turaren wuta ya san yadda abin yake. A ajiye kasko a ɗaki a rufe ƙofa da taga, kafin wani lokaci hayaƙin ya cika ko'ina, wanda ke can lungu ma sai ya shaƙa, tufafinsa su kama ƙamshi, kuma ko an fitar da kaskon ɗakin ba zai washe nan take ba. A kai kaskon nan tsakiyar fili, iska ta kwashe hayaƙin, sai wanda ya sunkuya a kansa ne zai ji wani abu. Abubuwa uku ne ke hukunci a nan: ko wurin a rufe yake, mutum nawa ne a ciki, da kuma tsawon zaman da aka yi. Dattijon da ya kwana a motarsa a gefen wani tsauni, ya dafa abincinsa, ya yi wanka a banɗakinsa, ba ya shaƙar numfashin kowa sai na matarsa. Ranar da ya isa gidan ɗansa, ya zauna a falo awa huɗu ana hira taga a rufe saboda sanyi, ranar ce ya shiga ɗakin da aka turara.

Hujjojin sun fara fitowa da wuri. Wasu masu bincike sun bibiyi ɓarkewar cutar sau 318 a biranen ƙasar Sin a farkon 2020, inda kowace ta shafi mutum uku ko fiye, suka samu dukkansu a cikin gini ko abin hawa suka faru, mafi yawa kuma a gidaje. Cikin mutum sama da 7,000 da suka duba, sau ɗaya tak suka ga an kamu a fili. Ko labarin da ake yawan kawowa don nuna cewa zango ma yana da hatsari, idan aka dube shi da kyau, wannan magana yake ƙarfafawa. A watan Yunin 2020 cutar ta ɓarke a wani sansanin hutun yara a jihar Jojiya, aka samu 260 cikin 344 da aka ga sakamakon gwajinsu suna ɗauke da ita. Sunan wurin sansani ne, amma yaran a ɗakuna suke kwana, kimanin 15 a kowane ɗaki, ba a buɗe ƙofofi da tagogi don iska ta ratsa ba, kullum kuma ana waƙe-waƙe da sowa. Dajin da ke kewaye da su bai hana komai ba tunda iskar ɗaki suke shaƙa.

Ɓangaren dangi shi ne mai ɗaci, shi ne kuma mutane ba sa son ji. A watan Fabrairun 2020 wani mutum a Chicago, yana ɗan tari da bai ɗauka a bakin komai ba, ya je wa abokan arziki ta'aziyya. Ya ci abinci tare da iyalan mamacin, washegari ya halarci jana'iza ya rungumi masu makoki, bayan 'yan kwanaki kuma ya je walimar zagayowar ranar haihuwa a cikin danginsa. CDC ta ƙirga mutum 16 da suka kamu ta wannan hanya, 3 suka rasu. A ranar 7 ga Agusta aka yi liyafar aure ta mutum 55 a yankin Millinocket na jihar Maine, ƙauye ne da cutar ba ta yi wa katutu ba. Daga wannan zama ɗaya aka samu mutum 177 da suka kamu, cutar ta bi ma'aikata ta shiga wani gidan kula da tsofaffi da wani gidan yari masu nisa da wurin, mutum 7 suka mutu, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya halarci bikin. Wani binciken da aka yi a jihohin Tennessee da Wisconsin ya bi mutum 191 da ke zaune gida ɗaya da mai cutar, 102 daga cikinsu suka kamu, galibi cikin kwana biyar na farko. Ba wani sirri a cikin wannan. A gaban baƙo mutum yana sa takunkumi ya ja da baya, a gaban jikansa kuwa cire shi yake yi, ya ɗauki yaron ya sumbace shi. Zuciya ba ta yarda cewa naka zai cutar da kai ba, ita kuwa ƙwayar cutar tana fita daga jikin mutum kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko da ciwon kai, wasu ma har su warke ba su san sun yi ba.

A nan ne zargin da aka yi wa 'yan fanshon ya juye. An ɗauke su masu yawo da cuta daga gari zuwa gari, amma a cikin yawancin ziyarce-ziyarcen nan su ne suka fi kowa tsabta daga ita. Ma'auratan da suka yi mako uku a hamada ba su haɗu da kowa ba sai mai sayar da mai. Ɗansu kuwa kullum yana wurin aiki, surukarsu wataƙila ma'aikaciyar asibiti ce ko mai jiran kanti, jikoki suna makaranta ko filin wasa. Cutar daga gidan take tasowa ta kama baƙon, baƙon kuma shi ne wanda huhunsa da zuciyarsa ba za su jure ba.

Akwai masu cewa, to ai ba don kare tsofaffin kaɗai aka rufe wuraren zango ba, don kare ƙananan garuruwa ne. Wannan hujja ce mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Garin Moab na jihar Yuta, wanda ke bakin gandun dajin Arches, mazaunansa kimanin 5,000 ne, asibitinsa gado 17 gare shi. A tsakiyar Maris na 2020 likitocin garin suka roƙi baƙi su daina zuwa, hukumar lafiya ta yankin ta hana ba wa wanda ba mazauni ba masauki ko wurin zango. An rufe gandun dajin Yellowstone ranar 24 ga Maris, na Grand Canyon ranar 1 ga Afrilu, tsibiran Florida Keys kuma aka sa shinge a hanyar shigarsu har zuwa 1 ga Yuni. A makonnin nan na farko, da ba gwaji isasshe, ba a kuma san halin cutar ba, taka tsantsan ɗin daidai ne. Dattijo mai shekara 75 da numfashi ya ƙwace masa a wurin da asibiti mafi kusa ke da tafiyar awa uku yana cikin matsala, zai kuma cinye gadon da ɗan gari ke buƙata. Amma wannan hujja ce ta ƙarancin gado, ba ta nuna cewa kwana a daji na yaɗa cuta ba. Kuma an yi amfani da ita ba tare da tantancewa ba. A lokacin, kimanin mutum miliyan ɗaya ne a Amurka ba su da wani gida sai motar, da yawansu ba masu hali ba ne, tsofaffi ne da fanshonsu ba ya biyan haya, irin waɗanda fim ɗin Nomadland ya nuna. Da aka ce kowa ya zauna a gida, aka kuma rufe filayen da suke ajiye gidan nasu, sai aka tilasta musu yin abin da ake hanawa, wato yawo neman wurin tsayawa, ko komawa cunkuson gidan dangi.

Wasu kuma za su kawo Sturgis, gangamin masu babura da aka yi a jihar Dakota ta Kudu a watan Agustan 2020, wanda ya tara ɗaruruwan dubban mutane, da yawansu masu furfura da suka kwana a tanti ko a mota, aka kuma bi sawun cutar daga can har jihar Minnesota da wasu jihohi. Gaskiya ne. Sai dai mahalartan ba a tanti suke wuni ba, mashaya da gidajen abinci da wuraren kiɗa suke cikawa, kafaɗa da kafaɗa. Haka ma a manyan wuraren zangon 'yan fansho na Filorida da Tekzas, inda akwai zauren taro da ɗakin wanki da cin abincin haɗaka. Duk inda zango ya koma gari, hatsarin gari ya biyo shi.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta dattawan kansu. Mai shekara 78 zai ce shekara ɗaya a wurinsa ba daidai take da shekara ɗaya a wurin matashi ba, jikan da aka haifa a Afrilu zai fara tafiya bai gan shi ba, kuma ba shi da tabbacin zai kai baɗi. Duk wanda ya tashi a inda ake girmama zumunci ba zai raina wannan magana ba, kaɗaici kuma yana da nasa lahanin ga lafiyar tsoho. Abin takaicin shi ne an bar su da zaɓi biyu kawai, ko su ƙaurace gaba ɗaya ko su shiga gida kamar ba komai, alhali mafitar tana ajiye a ƙofar gidan. Motar nan ita ce ɗakin killace kai mafi kyau da mutum zai samu. A ajiye ta a harabar gidan ɗa, a kwana a cikinta, a yi wanka a cikinta, a ci abinci tare a tsakar gida da ɗan tazara, jikoki su yi wasa a fili kakanni suna kallo. Idan ana son shiga ɗaki, ɓangarorin biyu su janye daga mutane kwana 14 tukuna, domin tsawon lokacin da cutar ke iya ɓoyewa ke nan, kuma gwajin da aka yi washegarin haɗuwa da mai cuta ba ya wanke kowa. Iyalai da dama sun gano wannan da kansu, wanda yana cikin dalilan da suka sa kasuwar motocin ta bunƙasa: masana'antun, waɗanda galibinsu ke yankin Elkhart na jihar Indiyana, sun fitar da sama da 430,000 a 2020 duk da rufe su da aka yi na makonni, a 2021 kuma sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba.

Hukumomi ne ya kamata su faɗi wannan da babbar murya, amma suka fi mayar da hankali kan abin da ke da ƙofar da za a garƙame. Gandun daji yana da ƙofa, falon mutum ba shi da wadda gwamnati ke riƙe da makullinta. An rufe iyakar Amurka da Kanada ta ƙasa ranar 21 ga Maris 2020 ga duk tafiyar da ba ta zama dole ba, aka bar ta sama a buɗe, har wasu 'yan fanshon Kanada suka riƙa biyan direba ya ƙetarar musu da motar, su kuma su bi ta jirgi su karɓe ta a ɗaya gefen. Watanni aka kwashe ana koya wa mutane goge kayan cefane da hannun ƙofa, ba a ce musu su buɗe taga ba, har sai da masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yuli suna neman ta amince cutar na bin iska. Shawarar CDC ta kada a yi tafiyar bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, lokacin da iyalai ke haɗuwa kan teburi ɗaya, ta fito ne ranar 19 ga watan, saura mako guda, bayan an sayi tikiti an yi cefane. A Janairun 2021 akwai ranakun da mutum sama da 4,000 suka mutu a ƙasar. Ranar 8 ga Maris 2021 CDC ta ce kakannin da suka kammala rigakafi za su iya shiga gidan 'ya'yansu su zauna da jikoki ba takunkumi, muddin babu mai raunin lafiya a gidan. Sai ranar 7 ga Mayu, bayan wannan da wata biyu, hukumar ta gyara bayaninta ta sanya shaƙar iskar da ke ɗauke da ƙwayar cutar a sahun gaba na hanyoyin kamuwa, kusan wata 14 bayan an ayyana annobar.