Golf ɗin Da Ta Ƙi Ƙoshi Da Mai

Wani direba da ke jigilar bandar kifi daga Wara, a ƙasar Ngaski, zuwa Yelwan Yauri ya rasa gane kan motarsa. Golf 3 ce, irin waɗanda kamfanin Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ribarsa duk a tanki take ƙarewa, ga baƙin hayaƙi na tuɗaɗa daga salansa.

Da ya kai ta gareji, bakanike ya fara da kwance filogi, ya same su baƙi ƙirin. Ke nan mai yana rinjayar iska a cikin injin. Ya canza su, ba a jima ba suka sake yin baƙi.

Ana cikin haka ya lura da wasu wayoyi a yanke, an naɗe bakinsu da salatif an cusa a lungu. Ya bi su har zuwa ƙwaƙwalwar motar. Ashe da injekta ta zo daga Jamus! Wani ne ya cire ya ɗora kafiretar wata mota, wadda ba ta san awon wannan injin ba, sai zuba mai take yi ba ƙaƙƙautawa.

Aka samo injekta, aka haɗa wayoyi, aka mai da famfon mai na asali da na'urar da ke shinshinar hayaƙi. Mota ta tashi lafiya lau. Amma kafin a kai garin Shanga wajen gwaji, sai ta fara tari tana mutuwa.

Nan bakanike ya tambayi kansa: me ya sa aka cire injektar tun farko? Ya auna ƙarfin da mai ke fitowa da shi, ya ga ya yi ƙasa. Ya yanka filta, ya tarar ta toshe da jan laka. Aka sauke tanki, sai ga ruwa da tsatsa da yashi kwance a gindinsa, ragowar man galan na 'yan bumburutu. Kafireta kan jure irin wannan datti ta ci gaba da rarrafe, injekta kuwa ƙofarta siririya ce, sai mai tsabta mai ƙarfin turi.

Aka wanke tanki, aka sa sabuwar filta, hayaƙi ya ɗauke, shan mai ya ragu. Injekta ba ta taɓa yin laifi ba.

Direbobinmu, kafin ku yarda a cire muku injekta, ku ce a duba tanki da filta tukuna.