Harsashi mai kaurin rubu'in inci: Me zai tsinana wa mafarautan Katagum?

A shekarar 1824, lokacin da Baturen nan ɗan yawon duniya Hugh Clapperton ya sauka a garin Katagum a tafiyarsa tsakanin Borno da Sakkwato, Sarki Muhammadu Ɗankauwa ya so ya ga aikin bindigar baƙon. Aka kafa alama a tazarar yadi 60 zuwa 70. Clapperton ya harba sau biyu, duka biyun ya samu. Kamar yadda ya ba da labari a littafin tafiyarsa, Sarki ya yi ta'awwuzi don mamaki, sannan ya yafa masa riga da hannunsa. A zamanin da kibiya da mashi suke mulkin daji da fagen daga, wanda ya sami abu daga wannan nisa sau biyu a jere ya cancanci riga.

Yau, bayan shekaru 200, yadi 70 ya zama tazarar koyon harbi. Mafarautan Amurka suna kayar da dabba daga mita 300, kuma sun daɗe suna jayayya a kan irin harsashin da ya fi dacewa da farautar barewarsu. Cikin wannan jayayya akwai wani dangin harsasai da aka riga aka yi wa jana'iza sau da yawa, amma ya ƙi kwanciya: mai kaurin rubu'in inci. Labarinsa ya shafi mafarautan Azare da ƙauyukan Katagum, ko da yake da wuya a sami wanda ya taɓa riƙe shi a cikinsu, domin dabbar da aka ƙera shi dominta 'yar'uwar tasu ce a girma da saurin ƙafa.

Dangin da ya ƙi mutuwa

Sunan ya fito ne daga faɗin ramin bututun bindiga, wato inci 0.25. Ƙwayar harsashin kuwa kaurinta inci 0.257 ne, milimita 6.5 da ɗan ɗoriya, bai kai kaurin fensir ba. Wanda ya fara jawo wa dangin suna shi ne .250 Savage, wanda Charles Newton ya tsara, ya shiga kasuwa a 1915. An tallata shi da cewa ƙwayarsa mai nauyin giram 5.6 tana fita da gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa ɗaya, fiye da mita 900 ke nan, abin da ba a saba gani ba a bindigar kasuwa a wancan lokaci.

Bayansa sai .257 Roberts, aikin Ned Roberts, wanda ya matse wuyan kwanson harsashin Mauser mai milimita 7 ya ɗora masa siririyar ƙwaya. Kamfanin Remington ya fara sayar da shi a 1934. A 1944 Roy Weatherby ya fito da .257 Weatherby Magnum, mai cin albarushi da yawa da gudun da ya zarce mita 1,000 a daƙiƙa. Wanda ya fi su yaɗuwa shi ne .25-06, da aka samu daga kwanson .30-06 na sojan Amurka. Kusan shekaru 50 maƙeran bindiga suka yi suna haɗa shi a shagunansu kafin Remington ya karɓe shi a 1969.

Falalar dangin ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa ɗora gindin bindiga a kafaɗa. Kowace bindiga tana tokarin mai ita. Idan tokarin ya yi tsanani, jiki yakan koyi tsoronsa, sai maharbi ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama kafin lokaci, harsashi ya bi iska ko ya sami dabba a cinya. Tokarin .257 Roberts kusan rabin na .30-06 ne. Yaro mai tasowa da dattijon da kafaɗa ta gaji duk suna iya sarrafa shi, kuma wanda bai ji tsoron bindigarsa ba ya fi iya sa ƙwaya inda ya nufa. Ga shi kuma saurin ƙwayar yana sa ta tafi kusan a miƙe, ba ta saurin sunkuyawa, don haka kuskuren kintacen nisa bai cika jawo asara ba. Ƙwaya mai giram 6.5 zuwa 7.8 da ta shiga bayan kafaɗar barewa ta ratsa huhu takan gama aiki nan take, ba tare da ta lalata naman da ake wahala dominsa ba. A wajen maharbin da ya san darajar sana'arsa, wannan ita ce magana: harbi ɗaya, dabba ta faɗi, babu bin sawun jini har faɗuwar rana.

To me ya durƙusar da shi? Da farko .243 Winchester ne, wanda ya fito a 1955 ya kwashe kasuwar masu neman bindiga mai sauƙin tokari. Amma babbar matsalar tana ɓoye a cikin bututu. Irin waɗannan bindigogi suna da murɗaɗɗen zare a ciki, mai juya ƙwaya kamar katantanwar yara domin ta tafi da kai a gaba. An saba yanka wa 'yan rubu'in inci zare mai zagaye ɗaya a kowane inci 10. Wannan ya ishi gajeriyar ƙwaya, amma doguwa, wadda ta fi iya keta iska, sai ta riƙa tangaɗi. Da kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007, da zare mai zagaye ɗaya a inci 8 da doguwar ƙwaya mai giram 9, sai masu son harbin nesa suka yi tururuwa zuwa gare shi. Abin dariya shi ne bambancin kaurin ƙwayoyin biyu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Kaurin takarda biyu ne ya raba wanda ake yabo da wanda aka manta.

Gyaran ma daga bututun ya zo. A 2025 Hornady ya fito da 25 Creedmoor a hukumance, da zare mafi matsi da ƙwayoyi masu tsawo da nauyin da ya haura giram 8. A ganina dangin ya sami sabon numfashi, amma tsofaffin bindigogi masu zaren inci 10 ba za su ci moriyar sababbin ƙwayoyin ba. Za su ci gaba da aikin da suka iya tun zamanin kakanni, wanda kuwa bai gaza ba.

A dawo gida

Ainihin dabbar da mafarautan Amurka suke bi, mai ƙaho mai rassa da take zubarwa kowace shekara, babu ita a dazukan Afirka ta Yamma. Namu su ne barewa, da gada, da mazo, da kwanta-rafi, sai manya irin su gwanki da kanki. Barewarmu nauyinta tsakanin kilo 20 zuwa 35 ne, ba ta kai ta Amurka ba. Ƙasar Katagum kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama, daga Azare, inda fadar masarauta ta koma a 1916, zuwa Gamawa da Zaki da Itas, ga kogin Jama'are ya ratsa ta. Fili ne da dabba ke hango mutum daga nesa. Da za a ce wa masanin harsashi ya zaɓi abin da ya dace da irin wannan dabba a irin wannan fili, rubu'in inci na cikin abin da zai fara ambata. A filayen Afirka ta Kudu da irinsa ake harbin ƙananan dabbobi masu kama da barewa.

Maharbin Katagum da wani abu dabam ya gada. Akwai mai kwari da baka, wanda sarautar Sarkin Baka ta samo suna daga gare shi. Akwai 'yan farautar rani, waɗanda suke fita bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da barandami, ganga na tashi. Akwai kuma mai bindigar toka ta maƙeran gida, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi da dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da tsumma. Kowace ɗura da irin ƙarfinta, don babu ma'auni sai ido. Bututunta sumul yake, babu zare, shi ya sa ba ta da tabbas sai a kusa. Hakan ya tilasta wa maharbinmu ƙwarewar da abokin sana'arsa na Amurka bai cika buƙata ba: sanin iska, da sanɗa, da kwanton ɓauna a bakin mashaya har dabba ta zo inda za a iya jifanta da dutse. Wannan ilimi ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai aibin bindigar a bayyane yake. Takan raunata dabba ta gudu ta mutu inda ba mai amfana, takan kuma tarwatse a hannun mai ita.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, ciki har da bindigogin soja masu milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na mallakar kai, irin su bindigar harbin tsuntsaye da bindigar farauta mai zare wadda girman bakinta ya saɓa da na soja, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, su bindigar toka, da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba wa izini. A takarda, ke nan, rubu'in inci ya faɗa gida na biyu, tunda babu rundunar sojan da ke amfani da shi a jerin da dokar ta kawo. A aikace kuwa, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, kuma a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba a ga wanda zai yi gaggawar buɗe wannan ƙofa ba. Ko bindigar tokar ma ta zama abin zargi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano, bayan an ga irin waɗannan bindigogi a motarsu.

Amma a ɗauka doka ta yarda, kuɗi kuma sun samu. Nan ne nake ganin falalar harsashin za ta juye ta zama masifa. Abin da ya rage wa barewa a wannan yanki shi ne ido da ƙafa. Tana tsayawa a inda ta san kibiya da bindigar toka ba sa kaiwa. Bindigar da ke samun abu a mita 300 ta shafe wannan kariya gaba ɗaya. Ga kuma ƙwayar da, idan ta kuskure, tana iya tafiyar fiye da kilomita 3, a ƙasar da gona ke manne da gona, ruga na kallon ruga.

Kuma ina barewar take? Noma ya cinye saura, gatarin masu itace da gawayi ya bi abin da ya rage. Abin da 'yan farauta suka fi dawowa da shi yanzu zomo ne da gafiya da kurege da fakara. Ƙungiyar kula da halittu ta duniya, IUCN, ta sanya barewarmu a jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ko a Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ana lissafa barewa da raƙumin dawa cikin dabbobin da suka ɓace. Da gwamnatin Bauchi ta so raya gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a 2006, daga Namibiya aka kawo dabbobin.

Amurkawa ma sun taɓa tsayawa a wannan gaɓa. Wajen shekarar 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kusan 500,000 a duk faɗin ƙasar, saboda masu harbi don kasuwa. Suka hana cinikin naman daji, suka ƙayyade watannin farauta da adadin da mutum zai harba. A 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta karkatar da harajin bindiga da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, zuwa ga raya dazuka da dabbobinsu. Yanzu ana ƙiyasta dabbar ta kai miliyan 30. Duk wanda ya sayi kwalin .25-06 ya biya wani abu na ciyawar da barewa za ta ci. Shi ya sa suke da sukunin zama su yi gardama a kan kaurin takarda biyu. Namibiyar da ta ba mu kyauta ita ma tun 1996 ta miƙa wa al'ummomin karkara ikon kula da dabbobin yankinsu da cin moriyarsu.

Katagum ba ta rasa abin da za ta kafa irin wannan tsari a kai ba. Mafarauta suna da shugabanni da suke jin maganarsu, shugabannin kuma suna da kujera a gaban hakimai da fada. Mutanen da jihohin Arewa suke kira su shiga daji su fatattaki ɓarayi, su ne suka fi kowa sanin inda sawun gada ya rage da inda aka yi wa barewa ganin ƙarshe. Idan Sarkin Baka ya ce an rufe wani daji shekara uku, ko ya ce ba a taɓa mace, maganar za ta fi takardar ma'aikatar gandun daji isa ƙauye. Sai dai dole a haɗa masa da filin da ba za a nome ba, da abin da zai riƙe mutanensa a shekarun jira. Barewa takan ɗauki ciki wata shida, ta haifi ɗa guda.