FITSARIN JINI GA YARO MAI CIWON LAKA: BA KULLUM NE TSARGIYA BA

A ƙauyuka da yawa na ƙasar nan, idan aka ga jini a fitsarin yaro, ba a cika ɗaga hankali ba. Akan ce tsargiya ce, ya kwaso ta wajen wanka a kududdufi. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne. Amma akwai wasu yara waɗanda wannan zato yakan jawo musu hasara babba, watau waɗanda aka haifa da tsaga a ƙashin baya.

Wannan tsaga takan auku ne tun cikin kwana 28 na farkon ciki, sa'ad da hanyar laka ta kasa rufewa. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara sukan taɓu. Saboda haka wani yaron fitsari yakan riƙa zubo masa bai sani ba, wani kuma mafitsararsa ba ta juye abin da ke cikinta duka. Fitsarin da ya kwanta shi ke tara ƙwayoyin cuta, ya haifar da tsakuwa, har ya koma sama ya lalata ƙoda.

A da, lalacewar ƙoda ita ce ajalin da yawa daga cikin irin waɗannan yara. A shekarar 1972 wani likita na Jami'ar Mishigan a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa za a iya zura siririyar roba mai tsabta a kwashe fitsarin sau da yawa a yini, a gida, ba sai a asibiti ba. Wannan dabara ta ceci ƙodar yara masu ɗimbin yawa.

ƘARIN DA BA DAJI BA

To, amma mafitsarar da ta daɗe tana shan wahalar ciwon sanyi, da gugar tsakuwa ko ta roba, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, takan fitar da tsiro jefi-jefi. Ɗaya daga ciki shi ne wanda likitoci ke kira nefrojenik adinoma, watau ƙari mai siffar ƙoda. An fara bayyana shi a 1949, aka raɗa masa wannan suna a 1950, domin a ƙarƙashin madubin likita yana kama da ƙananan magudanan da ke cikin ƙoda.

An daɗe ana muhawara a kan asalinsa. A 2002 wasu masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka bincika ƙarin a jikin mutanen da aka dasa wa ƙoda. Sai suka tarar matan da aka sa wa ƙodar namiji, ƙarin nasu yana ɗauke da alamar halittar namiji, haka kuma mazan da aka sa wa ƙodar mace yana ɗauke da ta mace. Ashe ɓurɓushin ƙoda ne ke gangarowa cikin fitsari, ya sami wurin da ya ƙuje a bangon mafitsara, ya kama ya tsiro, kamar irin da ya faɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma yawan aukuwa. Alamarsa ta farko takan zama jini a fitsari ko a bakin roba. Yaro mai cikakkiyar lafiya zai yi kukan zafi, amma mai ciwon laka sau da yawa ba ya jin komai a wurin. Idon uwa shi ne mai gadinsa.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A hoton ciki, ƙarin yakan yi kama da wani mugun daji da ke kama mafitsarar ƙananan yara, har ma da kumburin da tsargiya ke sawa. Abin da ke raba gardama shi ne likita ya leƙa mafitsarar da siririn madubi ta hanyar fitsari, ya yanko tsiron, a kai ɗakin bincike. Galibi ba sai an tsaga ciki ba. Sai dai ƙarin yana da halin sake tsirowa, musamman ga yara, don haka tilas a riƙa komawa ana dubawa, a kuma magance sanyi ko tsakuwar da suka share masa fage.

ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU YI

Duk yaro mai ciwon laka da aka ga jini a fitsarinsa, ko robar ta fara ƙin shiga, ko zazzaɓi ya yawaita, kada a tsaya ga maganin tsargiya na kemis. A kai shi babban asibiti, irin asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Ibadan ko Legas, inda akwai likitocin mafitsara da na fiɗar yara. Kada kuma tsoron ƙari ya sa a daina kwashe fitsari, domin haɗarin lalacewar ƙoda ya fi girma nesa ba kusa ba.

Ita kuwa tsagar bayan, akwai rigakafinta. Wani babban bincike da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna ƙwayar folik asid tana rage sake aukuwarta da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa samun irin wannan ciki. Amma sai an fara sha tun kafin a ɗauki ciki, domin laka takan gama rufewa kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu.