Yadda ake gashin talotalo bisa gawayi a Amurka

Yau za mu yi magana bisa gashin talotalo.

Asalin talotalo daga nahiyar Amurka ne. Mutanen Meksiko sun daɗe suna kiwonsa kahin Turawa su kai shi wasu ƙasashe. A ƙasar Amurka akwai bikin da ake kira ranar godiya. Ana yin shi ranar Alhamis ta 4 ta watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelarsa a 1863, majalisar ƙasa ta tsayar da ranar a 1941. Ran nan dangi na taruwa, kuma talotalo ne naman biki. Wasu na gasa shi a tanda cikin gida, wasu a waje bisa gawayi.

Ku lura, talotalo ba tsire ba ne. Guda yakan kai kilo 5 ko 6, har ya hi. In kuka aza shi daidai kan garwashi, fata za ta ƙone, ciki kuwa ɗanye. Ɗanyen naman tsuntsu na iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna salmonela. Tana sa zawo da amai da zazzaɓi, kuma ta hi wahalar da yara da tsofaffi.

Saboda haka suke aiki da murhu mai murhi. Wani mutum, George Stephen, ya ƙera irinsa a 1952. Ya yi kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, da ƴan hudojin iska sama da ƙasa. Zahi ke kewaya naman, harshen wuta bai taɓa shi. Ga yadda za ku yi:

1. In naman daskararre ne, ku bari ya narke cikin firigo. Kowane kilo 2 na son kwana 1.

2. Ku goge shi, ku shafa mai da gishiri da yaji. Ku bar cikinsa ba komi. Ku wanke hannu da wuƙa da sabulu.

3. In gawayi ya kama ya yi toka, ku raba shi biyu, hagu da dama. Ku sa tasar ƙarhe tsakiya da ruwa kaɗan, ta tare kitse.

4. Ku aza talotalo bisa ragar ƙarhe, saman tasa, ƙirji sama. Ku ruhe. Zahin murhu ya tsaya wajen digiri 160 zuwa 175.

5. Kowace awa ku ƙara gawayi kaɗan ta kowane gehe. Kada ku yawaita buɗewa, zahi na gudu.

Kowane kilo na cin minti 25 zuwa 30. Mai kilo 6 zai kai wajen awa 3. Amma agogo bai isa shaida ba, launi ma haka, don hayaƙi kan bar nama ja-ja ko ya nuna. Shaida ita ce ma'aunin zahi. Ku soka shi cikin kaurin cinya da na ƙirji, kada ya taɓa ƙashi. In ya nuna digiri 74, nama ya gasu. Ku sauke, ya huta minti 20 kahin ku yanka. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje.

Sai babban gargaɗi. Watan Nuwamba lokacin sanyi ne a Amurka, amma ba a shiga da murhun gawayi ɗaki. Gawayi na hidda iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kisa. Wannan ya shahe mu mu ma lokacin ɗari. A yi gashi a hili, nesa da zana da rumbu.

Ku karanta wa maƙwabta wannan darasi.