Fasahar Ba da Labarin Kai a Gaban Jama'a

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna mai da hankali ga tatsuniya da waƙa da karin magana da kirari. Amma akwai wani nau'i na zube wanda kusan kowa ke aikatawa kullum, ba a kuwa ba shi kulawar da ta kamace shi ba. Wannan shi ne labarin kai, watau labarin da mutum ke bayarwa a gaban jama'a game da abin da ya same shi, ko wanda ya gani da idonsa. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa irin wannan labari yana da tsari da ƙa'idoji, kuma gwanintar mai ba da shi tana ga zaɓen abin da zai faɗa da yadda zai jera shi, ba ga ƙara gishiri ba.

2.0 Labarin kai da tatsuniya

Bahaushe ya daɗe da rarrabe tatsuniya da labari. Tatsuniya takan fara da "Ga ta nan, ga ta nanku", ta ƙare da "Ƙurunƙus", har mai yin ta ya ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ya shirga. Ke nan an yi yarjejeniya tun farko cewa abin da za a ji ƙage ne, ba kuwa wanda zai zargi tsohuwa don ta ce kura ta yi magana. Mai labarin kai ba shi da wannan mafaka. Da zarar ya ce "Ni na gani", ya sa mutuncinsa a jingina, domin sau da yawa cikin masu sauraro akwai wanda ya san garin, ko ya san mutanen da ake zance. In aka kama shi da ƙari sau ɗaya, gobe ko gaskiya ya faɗa sai a ce shaci-faɗi ne. To, yaya zai riƙe hankalin jama'a alhali an ɗaure masa hannu da igiyar gaskiya? Wannan ita ce matsalar da fasahar ke warwarewa.

3.0 Gaɓoɓin labarin

A shekarar 1967 masanan harshe William Labov da Joshua Waletzky na Amurka suka buga nazarin labaran da mutane suka ba su da baki game da rayuwarsu. Ɗaya daga cikin tambayoyin da akan yi wa mutanen ita ce ko sun taɓa shiga halin da suka zaci mutuwa ta zo. Labov ya faɗaɗa aikin a 1972, inda ya nuna cewa cikakken labarin kai yana da gaɓoɓi shida. Za mu gwada su da misalin direban babbar mota da ruwa ya ritsa da shi a mashigin rafi da damina.

Gaɓa ta farko ita ce ɗanɗano, inda direban zai ce, "Na taɓa ba ku labarin ranar da ruwa ya kusa cinye ni?" Da wannan ya nemi izinin riƙe magana. Ta biyu share fage: wane wata ne, wace hanya, me ya ɗauko, su wa ke tare da shi. Ta uku ƙulli, watau jerin abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya: ya shiga ruwa, inji ya mutu, ruwa ya kai ƙofa. Ta huɗu nuna muhimmanci. Ta biyar warwara, yadda mutanen ƙauye suka jefo igiya. Ta shida naɗewa, wadda ke dawo da masu sauraro ga yau: "Tun ran nan ban ƙara shiga ruwan da ban ga wani ya ƙetare ba."

Gaɓa ta huɗu ita ce ruhin labarin, ita ce kuma aka fi kasa kawowa. Labarin da ba shi da ita yakan ƙare da tambayar da kowane mai magana ke tsoro: "To, sai me?" Wanda bai ƙware ba yakan tsaya ya sanar da jama'a cewa ya ji tsoro ƙwarai. Gwani kuwa sai ya dakatar da labarin daidai inda ruwa ya kai ƙofa, ya ce ya waiwaya ya ga yaron motarsa yana ɗaure takalmansa a wuya yana kalmar shahada. Bai ambaci tsoro ba, amma kowa ya ji shi. Abin lura shi ne bai ƙaga kome ba. Cikin abubuwa ɗari da ya gani a ranar, ya ɗauko wanda ya fi nauyi ya aje shi a inda ya dace.

4.0 Misalai daga ƙasar Hausa

Muna da tsofaffin labaran kai guda biyu da aka rubuta daga bakin masu su. Na farko shi ne na Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, ya sami 'yanci, ya bi matafiyin nan na Jamus Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan ya ƙetare hamada tare da shi zuwa Ingila a 1855. A can ya shibta wa J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Na biyu shi ne na Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga fassararsa a 1954.

Abin da ya haɗa su shi ne dogaro ga ƙananan abubuwa tabbatattu. Dorugu ya kwatanta yadda Turawa ke zaman cin abinci da idon baƙon da kome ke ba shi mamaki. Baba kuma, maimakon ta yi sharhi a kan bauta a dunƙule, sai ta ambaci 'yan'uwanta da mahara suka kwashe da yadda aka yi fansarsu. Mai sauraro yana gaskata babban al'amari ne ta hanyar ƙaramin abin da ba mai iya sani sai wanda ya halarta. Shi ya sa aka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

5.0 Matsayin masu sauraro

Labarin kai ba aikin mutum ɗaya ba ne. A zaure ko a dandali, "Ashe?" da "Ikon Allah!" da "Sai aka yi yaya?" su ne ma'aunin da mai labari ke gane inda zai jinkirta da inda zai yi sauri. A Amurka har an mai da abin sana'ar dandamali. A 1997 marubuci George Dawes Green ya kafa ƙungiyar The Moth a birnin New York, sunan da ke nufin ƙwaron nan faɗa-wuta. A gasanninta ana ba mutum minti biyar ya ba da labarin gaskiya da ya faru gare shi, ba tare da duba takarda ba. Waɗannan sharuɗɗa suna tilasta zaɓe, domin minti biyar ba za su ɗauki kowane reshe ba, rashin takarda kuma yana sa ido ya zauna a kan jama'a.

6.0 Iyakar gyara

Tun 1932 masanin halayyar ɗan Adam Frederic Bartlett ya nuna cewa tunawa sake gini ce, ba kwafi ba. Saboda haka ba mai iya maimaita zancen shekara ashirin kalma da kalma, masu sauraro ma ba su sa ran haka. An yarda mai labari ya taƙaita, ya tsallake abin da ba shi da amfani, ya ɓoye sunan wanda ambatonsa zai tozarta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya ƙaga abin da bai faru ba, ko ya ari abin da ya sami wani ya ce shi ya sama. Har wa yau, kowane labarin kai ya ƙunshi wasu mutane da ba su nan balle su kare kansu, magana kuwa zarar bunu ce.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa labarin kai yana da gaɓoɓi sanannu, kuma ƙarfinsa yana ga zaɓe da jeri da sauraron masu sauraro. Tun da haka ne, ana iya koyar da shi. Ya kamata kwalejojin horon malamai su sa shi cikin darasin adabin baka, su kuma tura ɗalibai su ɗauko labaran tsofaffin fatake da ungozomomi da tsofaffin soja. Tatsuniya tana da magada da yawa, amma labarin kai in mai shi ya kau ba a ɗauka ba, ya tafi ke nan.